Sauya boila a Ingila: neman katin mai aiki ba cin fuska ba ne

Daga ƙarshen watan Oktoba, idan aka mayar da agogo baya da awa guda kuma duhu ya fara shiga tun kafin ƙarfe biyar na yamma, tambaya ɗaya ce take yawo a zaurukan WhatsApp na 'yan uwanmu mazauna Ingila: wa ya san mai gyaran boila, wato na'urar da ke ɗumama gida da ruwan wanka, mai sauƙin kuɗi? Nan take za a turo lambobi uku ko huɗu, kowace da shaidarta, a ce wannan ɗan uwa ne, wancan a masallaci aka san shi, ɗaya kuma ya yi wa wane aiki bai karɓi da yawa ba. Abin da ban cika gani ba shi ne wani ya tambaya ko mutumin yana da rajistar taɓa iskar gas, alhali a kan wannan tambayar ya kamata maganar ta fara.

Yawancinmu mun taso a inda ba a ɗumama gida da bututu, saboda haka mun zo ƙasar nan ba mu san komai game da wannan akwatin da ke rataye a bangon kicin ba, sai dai mu ji ya kunna kansa da asuba. Wanda bai san abu ba dole ya dogara ga wanda ya sani, kuma a nan ne muke rabuwa gida biyu, kowane ɓangare da kuskurensa. Wasu suna sakin jiki gaba ɗaya da duk wanda aka ce namu ne, har suna jin nauyin tambayarsa takarda. Wasu kuma sun ɗauka kowane mai aiki macuci ne, sai su tara farashi su zaɓi mafi araha ba tare da sun duba abin da ke cikin kowane ba. A ganina duka biyun sun ɗora amana a inda ba wurinta ba.

Doka a fili take. Tun ranar 1 ga Afrilu, 2009, lokacin da Gas Safe Register, hukumar rajistar masu aikin gas, ta maye gurbin tsohuwar hukumar CORGI, duk wanda zai yi aikin gas a matsayin sana'a a Ingila, Sikotland ko Wales sai yana cikin wannan rajista. Kowane injiniya yana ɗauke da kati mai hotonsa da lambarsa da ranar da izininsa zai ƙare, a bayan katin kuma an jera irin ayyukan da aka yarda ya yi, domin wanda ya cancanci haɗa murhun girki ba lallai ne ya cancanci haɗa boila ba. Ana iya saka lambar a shafin hukumar a tabbatar da ita kafin shayin da aka haɗa masa ya huce. Mai aikin kirki ya saba da wannan tambaya, wani ma tun a bakin ƙofa zai miƙo katin. Wanda ya ɓata rai, ko ya ce ai Alhaji ka san ni, ya riga ya ba da amsa. Dalilin tsananin shi ne iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri har ya ɗauka mura ce. Mun san labarin iyalan da suka kwanta da janareta ko kaskon gawayi a rufaffen ɗaki ba su tashi ba. Ita ce dai iskar, kuma boilar da aka haɗa wa bututun hayaƙi ba daidai ba tana iya fitar da ita cikin gida.

Sai dai kati yana nuna cancanta ne, ba ya nuna gaskiyar mutum. Inda na fi gane mai gaskiya shi ne a kan tambayar ko a sauya ko a gyara. Akan ce boila tana yin shekara 10 zuwa 15, kuma da yawa daga masu sayarwa sun mayar da wannan ƙiyasi tamkar hukunci, da zarar sun ga tsohuwa sai su ce ba a samun kayan gyaranta. Wani lokaci gaskiya ne, wani lokaci kuma kiran waya ɗaya zuwa kamfanin da ya ƙera ta zai nuna akasin haka. A sanyin ƙarshen Fabrairu da farkon Maris na 2018, boiloli masu yawan gaske sun tsaya a faɗin ƙasar, kuma lafiyarsu ƙalau. Farin siririn bututun roba da ke fitar da ruwan da tururi ya bari, wanda aka bi da shi ta bayan bango a waje, shi ne ya daskare. Ruwan ɗumi a buta, a zuba a kan gwiwar bututun a hankali har a ji ƙanƙarar ta saki, ya isa ya tayar da ita. Mai aikin da zai faɗa maka haka ta waya, ya rasa kuɗin fitowarsa, shi ne wanda ya kamata ka riƙe lambarsa don ranar babban aiki.

Idan kuwa ya ce boilar tana da haɗari, to akwai tsari. Zai manna mata alamar gargaɗi, ya ba ka takarda mai bayanin laifin da ya gani, ya nemi izininka ya kashe ta ko ya raba ta da gas. Kada a sake kunna ta, amma babu abin da ya wajabta maka sayen sabuwa daga hannunsa a wannan daren. Kana da damar kiran wani mai rajista ya duba. Na san da wuya a yi wannan haƙurin idan yara suna rawar ɗari, kuma masu matsa wa mutane lamba sun san da haka, shi ya sa na fi ganin hikimar a duba tsohuwar boila tun watan Agusta, lokacin da masu aikin ba su da cunkoso.

Akwai lokacin da sauyawa ita ce daidai. Tun Afrilun 2005 aka wajabta cewa sababbin boilolin gas a Ingila da Wales su zama irin waɗanda ke tatso zafi daga tururin hayaƙi kafin ya fita, daga 2018 kuma ƙa'idar Boiler Plus ta sa mafi ƙarancin ingancin sabuwa a Ingila ya zama kashi 92 cikin ɗari. Wanda boilarsa ta girmi 2005 yana ƙona kuɗi ne kawai, musamman bayan tashin farashin gas na 2022. Amma wannan inganci ba ya samuwa sai ruwan da ke dawowa daga radiyetoci, wato ƙarafan bango da ruwan zafi ke bi ta cikinsu su ɗumama ɗaki, ya sauko ƙasa da kimanin digiri 55, kuma masu aiki da dama suna barin ta a kan zafi mai yawa don kada a kira su a ce gida bai ɗumama ba. Wanda ya zaga ɗakuna, ya ƙirga radiyetoci, ya buɗe famfo ya auna ƙarfin ruwa, ya tambayi mutum nawa ke wanka da safe, sannan ya faɗi girman da ya dace, ya bambanta da wanda ya leƙa kicin ya faɗi farashi yana tsaye. Gidajenmu ba su rabuwa da baƙi, kuma boilar kombi, wadda ba ta da tankin ajiya, takan gaza idan bandakuna biyu suna aiki a lokaci guda.

A nan ne masu bin araha suke faɗawa rami. Aikin yakan ci fam dubu biyu zuwa uku ko fiye, kuma bambancin ɗaruruwan fam tsakanin farashi biyu sau da yawa yana cikin abin da ido ba ya gani. Taɓa tsohuwar radiyeta ka ji samanta da zafi ƙasanta da sanyi: tsatsa ce ta kwanta a ciki, idan aka kwance ta ruwan da zai fito baƙi ne ƙirin kamar tawada. Wanda ya ɗora sabuwar boila a kan wannan ruwan ba tare da ya wanke bututun ba, bai sa matatar maganaɗisu da maganin hana tsatsa ba, ya sayar maka da matsalar da za ta bayyana bayan shekara biyu ko uku, kuma kamfani yana iya ƙin mutunta garanti saboda ita. Shi ya sa nake ganin ciniki irin na kasuwa, a yi ta ragi har sai mutum ya ce albarka, bai dace da wannan aiki ba. Abin da aka rage daga kuɗi, daga aiki za a cire shi. A nemi a rubuta komai dalla-dalla: sunan boila da girmanta, wankin bututu, matata, na'urar daidaita zafi, shekarun garanti, da wanda zai kwashe tsohuwar.

Kamfanoni da yawa suna tallar biya kaɗan-kaɗan duk wata, kuma wajibi ne mai gudun riba ya karanta ya ga ko akwai kuɗin ruwa a ciki kafin ya sa hannu. Tallafin gwamnati na fam 7,500 da ake yawan ambato kuwa na masu komawa na'urar jan zafi daga iska ko ƙasa ne, bai shafi sabuwar boilar gas ba. Ɗan haya kuma duk wannan ba nauyinsa ba ne. Mai gida ne doka ta ɗora wa binciken gas duk shekara, ya kuma ba ɗan haya kwafin takardar cikin kwana 28.

Mai aiki ma yana da haƙƙi a kanmu. Idan ya gama bisa yarjejeniya a biya shi a ranar, kada a ce sai ƙarshen wata don an san shi a masallaci, kuma kada a roƙe shi ya karɓi kuɗi a hannu ba rasit don a sami ragi, domin wanda ya nemi a ɓoye aiki ba shi da bakin ƙorafi daga baya. Shi kuma ya cike littafin gwajin da ke zuwa da boilar, ya yi mata rajistar garanti, ya sanar da Gas Safe cikin kwana 30 domin a aiko da takardar shaidar bin ƙa'idar gini. A adana wannan takarda tare da rasit na duba boilar da ake yi duk shekara, saboda garanti yana dogara a kansu, kuma lauyan mai saye zai tambaye su ranar da aka tashi sayar da gidan.