Ga lauyan da ke shirin digiri na biyu a fannin bin doka da raya ƙasa

Ina goyon bayan duk matashin lauyan da ya ce zai koma aji ya yi digiri na biyu a fannin bin doka da raya ƙasa. Fanni ne da ya cancanci mutum ya ba shi shekara guda ta rayuwarsa, har ma fiye. Amma ina da sharaɗi, kuma saboda sharaɗin nake wannan rubutu: kada ka je ka koyo yadda ake kwafo dokar wata ƙasa a liƙa wa wata. An gwada wannan tun kafin a haifi yawancinmu, bai yi aiki ba, kuma waɗanda suka fara shi da bakinsu suka faɗa.

Ga wanda bai san fannin ba, digiri ne da lauyoyi ke yi bayan na farko, galibi na shekara ɗaya, inda ake nazarin alaƙar doka da ci gaban al'umma: yadda ake gyara kotuna, yadda ake rubuta kundin tsarin mulki bayan yaƙi, yaƙi da cin hanci, mallakar ƙasa, da yadda talaka zai kai ga haƙƙinsa. Jami'ar Loyola ta Chicago tana da irin wannan shiri a birnin Rum, garin da ƙungiyar IDLO mai aikin doka da ci gaba take da hedikwata tun kafuwarta a 1983. Wasu jami'o'in a Ingila da Amurka da Ostareliya suna koyar da shi da sunaye daban-daban.

To, tarihin da nake nufi shi ne wannan. A shekarun 1960 hukumar agaji ta gwamnatin Amurka, USAID, da Gidauniyar Ford suka zuba kuɗi, aka tura malaman shari'a na Amurka zuwa Brazil da Chile da Kolombiya da wasu ƙasashen Afirka irin su Habasha. Tunaninsu shi ne, idan aka canza yadda ake koyar da lauyoyi, aka sa suka riƙa tunani irin na lauyan Amurka, to doka za ta zama injin ci gaba, dimokuraɗiyya kuma ta biyo baya. Ba a jima ba sojoji suka riƙe mulki a wasu daga cikin ƙasashen nan, kuma lauyoyin da aka horar suka zama masu tsara wa mai mulkin kama-karya dokokin da yake so cikin gwaninta. A 1974 David Trubek da Marc Galanter, waɗanda su kansu 'yan wannan tafiya ne, suka rubuta wata maƙala da ta yi suna, inda suka amsa cewa sun ɗauki tsarin ƙasarsu a matsayin ma'aunin duniya, alhali ko a Amurkar ma ba haka abin yake tafiya ba. Kayan aro ba ya rufe katara.

Abin da ke ci mini rai shi ne, bayan wannan furuci da shekara goma sha biyar aka sake komawa gidan jiya. A 1989 Bankin Duniya ya fitar da rahoto kan Afirka ta kudu da Sahara, ya ce tushen matsalar shi ne yadda ake gudanar da mulki. Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, aka yi ta aika ƙwararru su rubuta wa sababbin ƙasashe dokokin kamfanoni da na fatarar kuɗi. Aka gina kotuna, aka sayi kwamfutoci, aka kai alƙalai bita. Wasu ayyukan sun yi amfani, ba na musu. Amma dubi Afganistan: tun 2002 aka ɗora wa Italiya jagorancin gyaran ɓangaren shari'a, ƙasashe da dama suka sa hannu kusan shekara ashirin, amma mutanen karkara suka ci gaba da kai rigimarsu gaban majalisar dattawa, wasu ma gaban kotunan Taliban, saboda a can ake yanke hukunci da sauri. A watan Agustan 2021 ginin duka ya zube cikin 'yan kwanaki. Ɗalibin da ya gama wannan digiri bai zauna ya yi ta juya wannan labari a ransa ba, wallahi an cuce shi.

Saboda haka tambayar farko da nake so mai neman gurbi ya yi wa shirin da yake sha'awa ita ce: daga ina kuke fara darasi? Daga littafin doka ko daga mutumin da ke da matsala? A 2008 wani kwamiti da tsohuwar sakatariyar harkokin wajen Amurka Madeleine Albright da masanin tattalin arziki ɗan Peru Hernando de Soto suka jagoranta, ƙarƙashin inuwar hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 4 suna rayuwa ba tare da kariyar doka ba. A 2019 wani ƙiyasi na ƙungiyar World Justice Project mai nazarin bin doka a duniya ya kai adadin waɗanda ba sa samun adalci yadda ya kamata zuwa biliyan 5.1. Mafi yawan mutanen nan ba kotun ƙoli ce damuwarsu ba. Matar da aka hana gadon mijinta ce, da lebura da aka riƙe wa lada, da yaron da ba shi da takardar haihuwa, da wanda ke tsare shekara da shekaru ba a taɓa karanta masa tuhuma ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na fursunonin duniya ba a yanke musu hukunci ba.

Kuma inda aka fara daga mutum, an ga haske. A Saliyo, bayan yaƙin basasa ya ƙare a 2002, lauyoyi ba su da yawa kuma kusan dukansu suna Freetown. A 2003 Simeon Koroma da Vivek Maru suka kafa ƙungiyar Timap for Justice, suka horar da mutanen gari waɗanda ba lauyoyi ba, suka koya musu doka daidai gwargwado. Su ne ke sulhu, su raka mutum ofishin 'yan sanda, su zauna da sarakunan gargajiya, sai abin ya gagara sannan lauya ya shigo da ƙara. A 2012 dokar taimakon shari'a ta ƙasar ta amince da irin waɗannan ma'aikata a hukumance. Malawi ma tun 2000 take da masu irin wannan aiki da ke shiga gidajen yari suna zaƙulo waɗanda aka manta da su.

Ruwanda kuwa ita ce darasin da ya fi nauyi, domin babu amsa mai sauƙi a cikinsa. Kotun duniya da aka kafa a Arusha ta Tanzaniya bayan kisan ƙare dangi na 1994 ta yi aiki har 2015, mutum 93 ta tuhuma. A cikin gida kuwa sama da mutum 100,000 ne ke tsare suna jiran shari'a. Sai gwamnati ta farfaɗo da kotunan gargajiya da ake kira gacaca, inda mutanen unguwa ke zaɓen alƙalai daga cikinsu. Kafin a rufe su a 2012 sun saurari shari'u kusan miliyan 2. Amma wanda ake tuhuma ba shi da lauya, an yi ƙorafin shaidar ƙarya da tsoratar da shaidu, kuma laifukan da ake zargin dakarun RPF, 'yan tawayen da suka karɓi mulki a 1994, da aikatawa ba su shiga ciki ba. Wanne ne adalci a nan? Malamin kirki ba zai ba ka amsa ka haddace ba. Zai bar ka da tambayar har ta hana ka barci, domin ranar da ka fita aiki irinta za ka tarar.

Akwai kuma tambayar da ake yawan tsallakewa: dokar wa ake karewa? Tun 1966 akwai cibiyar ICSID a ƙarƙashin Bankin Duniya, inda mai zuba jari daga waje zai iya maka gwamnati gaban masu sasanci idan yarjejeniya ta ba shi dama. Manomin da aka tasa daga gonarsa domin wannan jarin ba shi da irin wannan ƙofa. Shekaru da dama ƙasashe suna rige-rigen gyara dokokinsu don su hau sama a jadawalin sauƙin kasuwanci na Bankin Duniya, har aka dakatar da rahoton a 2021 bayan an gano an taɓa alƙaluma. Ma'anar da Kofi Annan, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, ya ba bin doka a rahotonsa na 2004 ta sa ita kanta gwamnati a cikin waɗanda doka za ta hau kansu. Mai mulkin da ke amfani da doka yana ɗaure abokan hamayya shi ma kullum maganar doka yake yi. Lauyan da bai iya bambanta waɗannan biyun ba zai iya ƙare rayuwarsa yana wasa wa azzalumi wuƙa da zuciya ɗaya. Da kotun ƙolin Kenya ta soke zaɓen shugaban ƙasa a 2017, da kotun Malawi ta yi haka a 2020, alƙalan ƙasashen ne suka tsaya da ƙafarsu, suka nuna doka tana hawa kan mai mulki.

Batun aiki kuma, a faɗi gaskiya. Muradi na 16 cikin muradun ci gaba mai ɗorewa da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 ya ambaci bin doka da samun adalci ga kowa, amma kuɗin da ke bayan maganar yana raguwa. A 2025 gwamnatin Amurka ta rufe USAID, Birtaniya ma ta sanar da rage kuɗin agajinta. Wanda ya shiga fannin da burin kujera a Janiba ko New York ya sake lissafi. Ma'aikatun shari'a, hukumomin gyaran doka, ofisoshin taimakon shari'a da makarantun horar da alƙalai suna nan, kuma su ne ba sa tattara kaya idan wa'adin tallafi ya ƙare.

Shawarata ga mai nema, ya ɗan yi aiki tukuna kafin ya tafi, ya je da wata matsala takamaimai a hannunsa, kamar cunkoson masu jiran shari'a ko rajistar filaye, ya sa ta zama kundin bincikensa. Ya nemi shirin da ke koyar da ƙididdiga da karanta kasafin kuɗi da dabarun hira da mutane, domin ilimin fassara sashe da ƙaramin sashe kaɗai ba zai gaya masa dalilin da ya sa fayil ke kwana wata shida a teburin magatakarda ba. Ya kuma duba jerin abin da za a karanta kafin ya biya ko sisi: idan babu marubuta daga ƙasashen da ake cewa za a gyara, ya rubuta wa shugaban shirin ya tambaye shi dalili.