Shiga laburaren asali da sauƙi, fita ce aiki

Duk lokacin da gardamar "me ya sa yare kaza bai zo da abu kaza a cikinsa ba" ta taso, a tsakanin masu amfani da yarukan rubuta manhajar kwamfuta, sai ka ji mutane suna magana kamar aikin rubuta kod ɗin ne ya gagara. Kod ba shi ne wahalar ba. Fankshan ɗin da ake kuka a kansa, wato guntun kod mai yin aiki ɗaya, ƙwararre zai iya rubuta shi kafin la'asar. Abin da masu kula da laburaren asali, wato kayan aikin da yare ke zuwa da su tun daga akwati, suke tsoro shi ne alkawarin da ke biye da shi: sunansa, abin da yake karɓa, abin da yake mayarwa, har da halayen da ba wanda ya yi niyyar su zama doka. Ra'ayina shi ne, laburare mai kyau ana gane shi da ƙarancin alkawarin da ya ɗauka, ko da kuwa kayansa na da yawa.

Ga misali ɗaya da nake so a duba da kyau, domin kusan duk maganar tana cikinsa. C++ da Rust duk suna da teburin ajiya mai nemo abu ta makulli. A C++11 an shigo da unordered_map, kuma ƙa'idar ta yi alkawari biyu: idan ka riƙe manuni, wato adireshin wurin da abu yake a memori, zuwa wani abu a teburin, zai ci gaba da aiki ko da teburin ya cika an faɗaɗa shi, sannan an ba mai amfani damar leƙa cikin kowane bokiti, wato rukunin da teburin ke raba abubuwa a ciki, ya ƙirga abin da ke ciki. A takarda wannan kyautatawa ce. A aikace ya tilasta a ajiye kowane abu a gurbinsa daban cikin memori, a ɗaure su da sarƙar manuni, saboda haka kowane nema sai furosesa ta yi tsalle zuwa wani wuri mai nisa, ta tsaya jiran memori. Da aka gano tsari mafi sauri, irin teburin Swiss na Google mai jera abubuwa kusa da juna, babu halin sa shi a ƙarƙashin unordered_map, don zai karya alkawarin farko. Rust kuwa bai taɓa cewa abu zai zauna inda yake ba, bai buɗe bokitinsa ga kowa ba, bai ma yi alkawarin jerin da abubuwa za su fito ba. Shi ya sa a siga ta 1.36, a 2019, aka ɗebe cikin HashMap, teburin Rust, gaba ɗaya aka zuba hashbrown, mai bin wancan tsari na Swiss, kuma masu amfani ba su canza ko layi ɗaya ba. Gwanintar injiniyoyin ɓangarorin biyu ba ta bambanta ba. Wani ya yi baki da yawa tun farko, shi ke nan.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne alkawarin da ba ka ɗauka ba amma aka ɗora maka. Masu sana'ar suna kiransa dokar Hyrum: idan masu amfani suka yi yawa, duk halin da za a iya gani a kayanka, akwai wanda ya jingina da shi. A yaren Go, shekara da shekaru, idan ba ka ba math/rand, mai samar da lambobin ba-zata, iri ba, wato lambar da zai fara da ita, yana farawa kamar ka ba shi 1, lambobi iri ɗaya kullum. Mutane suka rubuta gwaje-gwaje da ke jiran waɗannan lambobin daidai. Daga nan hannun masu Go ya ɗaure, domin tun Go 1 a 2012 sun yi alkawarin ba za su karya shirin da ke aiki ba, kuma inganta hanyar samar da lambobin yana nufin canza jerin. Sai a 1.20 suka sa irin ya riƙa canzawa duk lokacin da aka kunna shiri, tare da makunnin GODEBUG ga mai son tsohon hali, a 1.22 kuma suka fito da math/rand/v2, na farko mai irin wannan suna a laburarensu. A can suka cire Read, wanda mutane ke ɗauka su haɗa makullan sirri da shi bisa kuskure, alhali crypto/rand ne na wannan aikin. Su dai masu Go sun san wannan ciwo tun da wuri a wani wurin: da gangan suke hargitsa jerin da map, teburinsu na ajiya, ke fitar da abubuwa, don kada wani ya saba. Wannan dabara ce da ya kamata kowa ya ara. In ba ka yi alkawarin abu ba, kada ka bari ya yi kama da alkawari.

Hatta suna yana iya zama tarko. A 2018 an so ƙara wa JavaScript wani fankshan mai suna flatten, sai aka tarar tsohon laburaren MooTools ya riga ya dasa nasa, kuma zuwan na hukuma zai lalata tsofaffin shafukan da ba mai kula da su. Dole aka koma flat. Kafin nan ma, contains ya zama includes saboda MooTools ɗin nan dai.

To, a bar laburare fayau kenan? A'a, kuma nan nake rabuwa da masu cewa komai a barwa 'yan waje. A Maris na 2016 an cire left-pad daga npm, rumbun laburarorin JavaScript. Kod ne na layi 11 da ke cike gurbi a gefen hagu na rubutu, amma ginin manhajoji masu ɗimbin yawa ya tsaya cak. Abu irin wannan, ƙarami, wanda ma'anarsa ba za ta canza ba, wurinsa cikin gida, kuma padStart, mai yin wannan aikin, ya shigo ƙa'idar JavaScript ta ES2017. Haka nau'o'in da laburarori daban-daban ke miƙa wa juna: rubutu, lokaci, kuskure, hanyar karantawa da rubutawa. io.Reader na Go fankshan ɗaya tak ya ƙunsa, amma da shi fayil, hanyar sadarwa da na'urar matse bayanai suke fahimtar juna. In yare bai tsayar da irin wannan ba, kowa zai ƙera nasa, a ƙare da rubuta masu fassara tsakani.

Abin da bai kamata ya shiga da gaggawa ba shi ne wanda duniya ba ta gama yanke shawara a kansa ba. Date na Java ya fito da watanni masu farawa daga sifili, an yi gargaɗin a daina amfani da yawancin hanyoyinsa tun JDK 1.1 a 1997, JavaScript kuma ta riga ta kwafe shi da aibinsa. Gyaran gaske sai Java 8 a 2014, kuma java.time ya yi kyau ne don Joda-Time, laburaren da aka koyi darasi daga gare shi, ya riga ya sha gwaji a waje shekaru, an ga inda yake yoyo. Python ta bi wannan hanya da tomllib, mai karanta fayilolin saiti na TOML, a 3.11: ta ɗauko tomli da aka riga aka gwada, ta kuma karɓi karantawa kaɗai, ta ƙi rubutawa, don a rubutawa ne ra'ayoyi ke rarrabuwa. Wasu sun yi ƙorafi. Ni ina ganin hankali ne.

Cirewa kuwa, kowa ya san tana da tsada, amma ba kowa ya san tsawonta ba. gets na C, fankshan mai karɓar layin rubutu, ba ya tambayar girman wurin da zai zuba rubutu, babu yadda za a yi amfani da shi lafiya, tsutsar Morris, muguwar manhajar da ta yaɗu a intanet, ta bi ta kansa a 1988, amma sai a C11 aka fitar da shi daga ƙa'ida. Shekara 23 kenan, a kan abin da ba mai kare shi. Python, mai taken zuwa da batiranta, wato da komai a ciki, ta yi tata sharar da ƙudurin PEP 594: an yi gargaɗi a 3.11, a 3.13 ta 2024 aka cire modul 19, ciki har da cgi, telnetlib, crypt da imghdr. Da yawansu ba su da mai kula da su, kuma kod ɗin da ke karɓar bayanai daga waje ba tare da mai kula ba, ƙofa ce a buɗe.

Sai dai gargaɗin yana da rauni da masu laburare ba su cika son faɗa ba. Python tana ɓoye DeprecationWarning, wato gargaɗin cewa za a cire abu, sai in daga babban fayil ɗin da aka kunna ya taso, saboda haka in wani laburaren da ka jingina da shi ne ke kiran cgi, ba za ka ga komai ba har ranar da ka sabunta, shirin ya ƙi tashi. Rust na rage wannan haɗari daga nasa ɓangaren da Crater, wanda ke gina laburarorin crates.io, rumbun Rust, da sabon canji kafin a sake shi, a ga wa zai karye. Mai amfani da Python kuma nasa a hannunsa yake: ya riƙa gudanar da gwaje-gwajensa da -W error::DeprecationWarning, mai mai da gargaɗin kuskure, ya kuma gwada sigar gwaji ta beta da ke fitowa wajen watan Mayu, tun kafin ta Oktoba ta iso.