Ni da Boxer ɗin mutumin naku

Tunda an ƙi daina turo min bidiyon nan na faɗuwata a kan mashin bari in faɗi yadda akai kowa ya huta. Kun san ni roba-roba na saba hawa, ba ruwanka da kuloci, ka taka giya ka murɗa totur ka kama gabanka. Ranar ɗaurin auren, mashin ɗina yana gun bakanike, sai mutumin naku ya miƙo min makullin Boxer ɗinsa wai in je in karɓo goro, har da tambayata na iya kuloci? A gaban mutane fa. Na ce haba malam.

Na yi kik ya tashi, na gyara babbar riga, na taka giya, na ba shi wuta sosai don 'yan majalisa su ji, na saki kuloci gaba ɗaya. Wallahi sai kawai na ga sama. Mashin ya ɗaga kai, hulata ta yi nata wuri, ni kuma garin riƙe kan mashin sai ƙara murɗa totur nake, tayar gaba na dawowa ƙasa na damƙe birkin gaba a kan yashin nan da aka zube ƙofar gidan Alhaji tun bara ba a yi ginin ba. Taya ta zame, sai ga ni kwance gefen kwata, shaddata sabuwa dal, salansa ta manne min a ƙwauri tana gasa ni, mashin na ta kuka.

Duk wannan bai dame ni ba kamar mai raken nan. Mutumin nan ko motsi bai yi ba, yana feraye rakensa ya ce sannu direban jirgi, an sauka lafiya? Mutumin da kullum nake sayen rake gunsa, har canjina na naira 200 yana hannunsa tun azumi ban taɓa tambaya ba. Kuma shi ya ce wa yara su ɗauko min hular, suka kawo ta suna tafi.

Mutumin naku da ya iso a guje na miƙa masa hannu, ya tsallake ni ya ɗaga mashin yana duba madubi.

Goron dai wani yaro aka aika a keke. Ƙunar ta fara bushewa, mai kemis ya ce kar in sa wando mai matsewa. Canjina kuwa gobe zan je in karɓa.