Dawaki 12 da garuruwa 7 ba su sayo zuciyar Akilis ba

In ka tambayi mutane abin da ya haddasa yaƙin Turoyi, za su ce maka mace ce: Faris ɗan sarkin Turoyi ya gudu da Helen, matar sarkin Sparta, Girkawa suka yi gayya suka bi sawu. Ba ƙarya suka yi ba. Sai dai Iliyad, waƙar nan mai baiti sama da 15,000 da ake jingina wa Homa, mawaƙin Girka na zamanin da, ba ta tsaya kan wannan soyayya ba. A shekara ta 10 da fara yaƙi ta ɗauko zance, kuma da rigimar cikin gida ta buɗe.

Annoba ta faɗa wa sansanin Girkawa, aka tilasta wa jagoransu Agamemnon ya mayar da wata baiwa ga ubanta. Sai ya huce a kan Akilis, babban jarumin rundunar, ya ƙwace Birisayis, baiwar da aka ba shi a rabon ganima, bayan ya ci masa mutunci a bainar jama'a. Ita kam ba wanda ya nemi jin ta bakinta, alhali Akilis ɗin ne ma ya kashe mijinta. Jarumi ya jingine mashi, ya ce ya bar yaƙi.

A ganina nan ne waƙar ta fi sanin halin ɗan Adam. Da wuya ta yi wuya, Agamemnon ya tura manzanni da tayin zinariya, dawaki 12, garuruwa 7, 'yarsa ba sadaki, ga kuma Birisayis da rantsuwar cewa bai taɓa ta ba. Amma bai tako da ƙafarsa ba, bai kuma ce a yi haƙuri ba. Ƙarshen saƙonsa ma cewa ya yi Akilis ya rusuna masa. Odisiyas, ɗaya daga cikin manzannin, da wayonsa, ya haɗiye wannan jimla bai isar da ita ba. Duk da haka Akilis ya shinshino ta, ya ce ba abin da ya tsana kamar mai fuska biyu. Wanda ya yaudare shi sau ɗaya ba zai sake ba.

Wasu za su ce girman kai ne kawai, kuma suna da hujja. Mutumin da ya roƙi alloli su bar abokan gaba su yi ta kashe 'yan uwansa don a san darajarsa, kamar yadda Akilis ya yi, bai cancanci tausayi sosai ba. Amma da girman kai ne kaɗai, wannan tarin dukiya ya isa ya kwantar da shi.

Abin da ya tashe shi mutuwar amininsa Fatrokilas ce, wanda ya ari sulkensa ya fita, Hekta, babban jarumin Turoyi, ya kashe shi. Akilis ya ɗebi toka ya zuba a ka, ya baje a ƙasa. Ya fita ya kashe Hekta, ya huda masa ƙafafu ya ɗaure a keken doki, kwana da kwanaki yana jan gawar. Zuciyar ba ta yi sanyi ba.

Sai da tsoho Firiyam, sarkin Turoyi kuma uban Hekta, ya shigo tantinsa cikin dare, ya sumbaci hannuwan da suka kashe 'ya'yansa, ya ce masa ya tuna da nasa uban. Suka yi kuka tare, kowa da nasa mamacin. Akilis ya sa aka wanke gawar, ya miƙa ta, ya ba da kwana 11 na makoki da jana'iza, a na 12 a koma fagen daga in ya zama dole.