Lalube a ƙofar filin ƙwallo: an bar jaki ana dukan taiki

Tun daga hatsaniyar filin wasa na Sani Abacha a Kano cikin Oktoban 2025, ranar da 'yan kallo suka kutsa cikin fili suka far wa alƙalan wasa bayan Pillars da Shooting Stars sun tashi 1-1, magana ɗaya ke yawo a bakin masu sharhin wasanni, har da mutanenmu a majalisun Agege da Idi Araba a Legas: a tsaurara bincike a ƙofa. A ƙara 'yan sanda, a sayo na'urori, a caje kowa daga hula har takalmi. Yanzu da manyan wasannin NPFL, gasar Firimiya ta Najeriya, ke zuwa filin wasa na Onikan, kuma duk ranar da ƙungiyar Arewa ta sauka Legas Hausawa ke fitowa daga Mile 12 da Obalende da Alaba Rago su cika tsagi guda, wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Ni kuwa ta ishe ni.

Waɗanda suka tsallake shinge suka bi alƙali da gudu, akasari da hannu da ƙafa suka yi aikinsu, kuma har yau ba a ƙera na'urar da ke ƙwace waɗannan a bakin ƙofa ba. Haka aka yi a Abuja ranar 29 ga Maris, 2022, da Ghana ta hana mu zuwa gasar cin kofin duniya a Qatar. Duk wanda ya kalli hotunan ya ga da me aka yi ɓarna: kujerun 'yan benci, allunan talla, duk abin da hannu ya kai gare shi a cikin filin Moshood Abiola. Kayan faɗan suna ciki suna jiran mai fushi tun kafin a buɗe ƙofa. FIFA ta ci tarar Najeriya, ta sa aka buga wasa guda ba 'yan kallo, mu kuma muka koma zancen lalube.

Duk mai zuwa kallo a Legas ya san yadda laluben yake. Layi ya miƙe har titi, rana na dukan ƙeya, jami'i biyu ko uku a bakin ƙofa. Ɗaya na riƙe da sandar nan mai gano ƙarfe, yana shafa ta a jikin mutum, ta yi ƙara saboda makulli, ta yi ƙara saboda kan bel, ta yi ƙara saboda waya, shi kuma ko kallonta ba ya yi, sai dai ya ce wuce. Ɗayan ya daki aljihun dama, ya daki na hagu, shi ke nan an caje ka. Abin da ake tarawa a gefe, gorar ruwa ce da lemo da ɗan abin yanke farce. Da ka shiga ciki kuma ga mai talla yana sayar da irin gorar da aka ƙwace maka, a kan kuɗin da ya fi na waje. To wa aka kare, daga me?

In kuma kaftani ne a jikinka da hula, laluben naka ya fi na kowa tsawo. A ɗaga riga, a tambayi abin da ke cikin ɗan ƙullin da ke aljihu, goro ne, a juya carbi a hannu. Ba na son in mai da wannan sharhi kukan ƙabila, amma mai ido ya gani. Lokacin da aka ɓata kan dattijo mai carbi, a lokacin ne yaran unguwa goma suka bi ta ƙofar gefe ana gaisawa da su da suna.

Nan ne gizo ke saƙar. Masu tayar da fitina a filayenmu ba baƙi ba ne. An san su, sun san masu ƙofa, wasunsu ma a bayan motar manya suke shigowa, ba tikiti ba lalube. Wanda ya biya kuɗinsa ya bi layi, da wuya ya zama shi ne mai jifa, domin ya zo kallo ne ya koma gida kafin cunkoson Ojuelegba ya kama shi. Saboda haka duk tsananin da aka ƙara a babbar ƙofa, a kan mai bin doka yake sauka.

Ga kuma lissafin da masu kiran a tsaurara ba sa son yi. Filin Teslim Balogun na Surulere na ɗaukar mutum kusan 24,000. Mu rage, mu ce 10,000 ne suka zo, mu ce an sa jami'i 10, kowane mutum a ba shi daƙiƙa 20 kacal, wanda ko rabin bincike na gaskiya bai kai ba. Sama da awa 5 ke nan kafin na ƙarshe ya shiga. Mutanenmu kuwa ba sa zuwa fili da hantsi don wasan la'asar. Ana saura rabin awa a take wasa suke tururuwa. Daga nan ɗayan biyu ne: ko jami'i ya daina binciken ya koma shafa kawai, ko ya dage, mutane su taru a bayansa, na baya na tura na gaba, an ji ihun 'yan ciki, kowa ya matsu.

Na biyun shi ne ke kisa. A filin Olembe na Yawunde, ranar 24 ga Janairu, 2022, wasan Kamaru da Komoros a gasar cin kofin Afirka, mutum 8 suka mutu a turmutsutsun bakin ƙofa. A Abijan a 2009, wasan Kodebuwa da Malawi, mutum 19. A Accra ranar 9 ga Mayu, 2001, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin 'yan kallon Hearts of Oak da Asante Kotoko, mutane suka ruga suka tarar da ƙofofi a rufe, rai 126 ya salwanta. A Malang ta Indunusiya a 2022 aka maimaita kusan irin wannan, mutum 135. Ba wuƙar da wani ya ɓoye a safa ce ta kashe waɗannan bayin Allah ba. Ƙofa ce ta kashe su, ƙunci da cunkoso da jami'in da bai san abin yi da taro ba sai hayaƙi. Wanda ya ce a ƙara matse wannan ƙofa ba tare da ya faɗi yadda zai yi da dubban da za su taru a bayanta ba, bai san abin da yake roƙo ba.

Za a ce ai a Faransa a Nuwamban 2015 binciken ƙofa ne ya hana ɗan ƙunar baƙin wake shiga filin wasa na Stade de France. Haka ne, kuma ban ce a bar ƙofa a wangale ba. Amma a wannan filin dai aka kusa tafka asara a wasan ƙarshe na gasar Zakarun Turai tsakanin Liverpool da Real Madrid a 2022, saboda an tare mutane a ƙuntataccen wuri ana duba su, har aka jinkirta wasan.

Gaskiyar magana, lalube ya samu karɓuwa ne saboda arha gare shi kuma ana ganinsa. Shugaban ƙungiya zai iya nuna hoton 'yan sanda a jere ya ce mun ɗauki mataki. Abin da ke da wuya shi ne ya hana yaransa shiga, ya daina buɗe ƙofa kyauta don a cika fili a tsorata baƙi da alƙali, ya sayar da tikiti daidai da yawan kujeru. Wannan zai ɓata masa da mutanen da yake buƙata ranar wata tafiyar, shi ya sa ba ya yi.

A buɗe ƙofofi da yawa kuma da wuri. A sa masu kula da taro a cikin 'yan kallo, fuskarsu na kallon mutane, ba sun juya baya suna kallon ƙwallo ba. Wanda kyamara ta kama yana jifa a gurfanar da shi da sunansa, maimakon a kori ƙungiya gaba ɗaya zuwa wani gari a bar shi yana yawo a unguwa. Hukumar NPFL kuma, kafin ta sake aike wa kowa takardar a ƙara jami'an ƙofa, ta fara tambayar kowace ƙungiya tikiti nawa ta sayar, mutum nawa suka shiga, sauran kuma ta wace ƙofa suka bi, wa ya buɗe musu.