Ƙudan da ya dame ka, a gidanka aka ƙyanƙyashe shi

'Yan uwana matasa, ku da ke zaman ɗakin haya a Unguwar Rogo da Gangare da Rikkos, da ɗaliban da ke kewayen Naraguta, da ku ƙannena amare da kuka fara riƙon gida, don Allah ku daina yayyafa fiya-fiya a ɗakin da kuke kwana kuke girki. Sinadarin da ke cikinsa, dichlorvos, guba ce mai ƙarfi da ake fesa wa ƙwarin gona, kuma tun 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC ta hana sayar da Sniper, maganin ƙwari mai irin wannan sinadari, a kasuwanni da kantuna. Amma sai ka ga mutum ya zuba a ƙarƙashin gado, ya rufe taga gam saboda sanyin Jos, ga buhun garin masara a gefe, ga jariri a kan katifa. Gari ya waye ana kukan ciwon kai da tari, bayan kwana uku kuma ƙudajen sun dawo.

Dole su dawo, domin ƙuda mai tashi kawai feshi yake kashewa. Macen ƙuda takan saka ƙwai wajen 100 a zama ɗaya, a rayuwarta ta kai 500. Kafin kwana guda ƙwan ya zama tsutsa, idan da ɗumi kuma cikin kwana 7 zuwa 10 tsutsar ta zama ƙuda mai fiffike. Hunturu yana rage musu gudu, shi ya sa muke samun sauƙi a Disamba da Janairu. Daga Maris, da zafi ya shigo, mangwaro ya nuna, ruwan Afrilu ya sauka, sai su ɓarke. Saboda haka duk wani abu mai danshi da ke ruɓewa kada ya yi kwana biyu a gidanka.

Fara da kwandon shara. Ya zama mai murfi, a kwashe kullum, kayan cikin kifi da na kaza kuma a ƙulle su a leda kafin a jefa. Inda mutane ke kuskure shi ne su zubar da shara su bar kwandon haka. Leƙa gindinsa ka ga baƙin ruwan nan mai wari, a nan tsutsa ke girma. A wanke da sabulu, a kife a rana, a barbaɗa toka kafin a mayar. Idan har tsutsa ta riga ta fito, tafasasshen ruwa ya ishe ta. Masu kiwon kaji da awaki a tsakar gida su riƙa share kashin kowace safiya, a tara a rami a rufe da ƙasa. Haka jini da tumbin layya, a haƙa rami a binne, kada a tura su kwata.

Masai na rami yana buƙatar murfin da ya zauna daidai a bakinsa, da ɗan toka bayan an gama. Sai dai idan irin mai bututun iska ne, shi ba a toshe bakinsa. A sa raga a kan bututun, a bar cikin ɗakin da ɗan duhu, ƙudan da ya fito daga rami zai bi haske ya hau bututu ya maƙale a can. Ƙafar ƙuda da ta taka masai ita ce ke sauka a kan tuwon yaro, kuma ƙuda yana amai a kan abinci kafin ya tsotsa. Ta nan taifot da kwalara da atuni da gudawa ke samun hanya. Rufe ƙorai umarni ne da ya zo a hadisi, faifai ɗaya kuwa bai fi ƙarfin kowa ba.

Su kuwa ƙananan ƙudaje 'yan mitsi-mitsin nan ba iri ɗaya ba ne, kuma wanda bai bambance su ba zai yi ta wahala a banza. Masu ruwan ƙasa da jajayen idanu, masu shawagi a kan ayaba da tumatir, kayan da ya fara tsami suke bi. Sau da yawa da ƙwansu kake shigowa daga Farin Gada. Ka juye kwandon ka tsince wanda ya fashe, ka laluba ƙasan buhun dankalin Turawa da na albasa, guda ɗaya da ya ruɓe ya isa ya cika kicin. Sannan ka ɗana musu tarko: rabin kofi na ruwan khal na tuffa, ko ragowar kunun zaƙi ko zoɓon da ya yi tsami, da ɗigo 2 ko 3 na sabulun ruwa. Idan babu, kofi ɗaya na ruwan ɗumi da cokali ɗaya na sukari da rabin ƙaramin cokali na yis. Rufe bakin da leda, ɗaure da kyauro, huda wuri biyar ko shida da tsinken sakace. Ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu, amma fa sabulun ne ke aikin, shi ke sa ya nutse maimakon ya tsaya a saman ruwa ya sha ya tashi. Ka cika sabulu kuma ƙamshinsa ya danne tsamin, babu wanda zai zo. A sauya haɗin bayan kwana uku.

Akwai masu gashi-gashi da ke lafewa a bangon banɗaki. Waɗannan a cikin yauƙin da ya manne a bututun sinki da magudana suke haihuwa, zuba ruwa kawai ba ya ɓamɓare shi. Sai an cire murfin, an zura burushi an goge, sannan a bi da ruwan zafi kullum har mako guda. Idan bututun na roba ne a bar ruwan ya ɗan huce, mai tafasa yana iya sassauta mahaɗarsa. Na uku baƙaƙe ne sirara masu tashi daga tukunyar fulawa, alamar ruwa ya yi yawa. A bar saman ƙasar ya bushe kamar tsawon gaɓar yatsa kafin a sake bayi, a shimfiɗa yashi a kai.

Manyan ƙudaje gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi ce tarkonsu. Yanke kashi ɗaya cikin uku na sama, kifa shi ciki kamar mazurari, zuba ruwan sukari da ɓawon mangwaro ko kan kifi, ka bar tazarar yatsu biyu tsakanin ruwan da bakin gorar. Kada ka ajiye ta a kicin ko bakin ƙofa, gayyato su za ka yi. Can ƙarshen tsakar gida za ta zauna.

Ɗaɗɗoya a taga da kanumfari a cikin lemon tsami suna ɗan kora a kusa da faranti, iyakarsu ke nan. Raga a taga da fanka lokacin cin abinci sun fi su aiki nesa ba kusa ba, muddin an ɗinke duk inda ragar ta yage.

Ka ba aikin mako biyu cur, domin tsutsar da ke ƙasa yau sai ta gama fitowa. Idan bayan haka suna nan, akwai maƙyanƙyasar da ba ka gano ba. Duba tsumman goge-goge da aka bari a jiƙe, da tiren ruwa na bayan firji, da kwatar da kuke tarayya da maƙwabta. Ita wannan sai kun haɗu kun yashe ta tare ranar Asabar.