Yaron da ya shige ƙarƙashin benci

Shekaranjiya na yi abin da har yanzu nake jin kunyarsa, kuma na ga idan ban amayar da shi ba, ba zan samu barci ba.

Ina karantarwa a wata Islamiyyar yamma a unguwarmu, ajin 'yan shekara tara zuwa sha biyu. Muna cikin bitar hadda bayan la'asar sai tayar wata tifa ta fashe a bakin titi. Kowa ya zabura, ni kaina sai da alli ya suɓuce min. Yara suka yi dariya, muka ci gaba. Can sai na ga gurbi ɗaya a layi na uku babu kowa. Na leƙa, ga yaro a ƙarƙashin benci, ya cusa kai tsakanin gwiwoyi, ya toshe kunnuwa, jikinsa na rawa kamar mazari. Da na jawo shi, wandonsa a jiƙe. Aji ya fashe da dariya. Ni kuwa, ni da nake biya musu cewa wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa, me na ce? Na ce, "Kai wane irin namiji ne? Tashi ka je ka wanke, ragon banza!"

Bai dawo ba. Jiya ma bai zo ba. Yau da safe kakarsa ta yi sallama a ƙofar gidana, ta durƙusa ta gaishe ni, abin da ya ƙara kashe min jiki, don ta haife ni. Ta ce, "Malam, ba faɗa na zo yi ba. Ina jin ba a gaya maka daga inda muka taso ba." Ashe gudun hijira suka yo. 'Yan bindiga sun shiga firamarensu ta ƙauye da hantsi suna harbi, shi ya faɗa gonar dawa ya kwanta rub da ciki har rana ta faɗi. Abokinsa da suke zama benci ɗaya an tafi da shi. Sama da shekara ke nan. Ta ce, "Har yau da takalmi yake kwana, Malam. In na cire masa, sai ya farka ya mayar."

Da takalmi yake kwana. Ni kuma na kira shi rago a gaban yara arba'in.

'Yan'uwa, ba ni kaɗai ba ne, shi ya sa nake rubuta wannan. Mun iya jaje, mun iya "Allah Ya kiyaye gaba", amma ba mu iya zama da yaron da tsoro ya shige shi ba. Da ya buɗe baki sai mu ce, "Yi haƙuri, ƙaddara ce." "Ka gode wa Allah ka dawo da ranka." "Kar in ƙara jin wannan maganar a gidan nan." Haƙuri gaskiya ne, ƙaddara gaskiya ce, babu mai musu. Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah: don yaron muke faɗa, ko don mu huta da jin abin da ba za mu iya ɗauka ba? Sau da yawa murfi muke yi da kalmar haƙuri, mu rufe tukunya tana tafasa.

Da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauko daga kogon Hira zuciyarsa na bugawa yana cewa a lulluɓe shi, Nana Khadija ba ta ce masa "kai da kake namiji" ba. Lulluɓe shi ta yi har firgicin ya lafa, sannan ya ba ta labari, sannan ta kwantar masa da hankali. Shi kuma fiyayyen halitta, tsuntsu ne fa kawai ya mutu wa ƙanen Anas, ƙaramin yaro, amma ya tsaya yana tambayarsa, "Ya Aba Umair, me ɗan tsuntsu ya yi?" Tsuntsu! Mu yaro ya ga an tasa ƙeyar abokinsa da bindiga, muna jin haushin ya jiƙa katifa.

Ku tuna sunayen nan, wuraren da aka sace 'yan makaranta. Chibok a 2014, 'yan mata 276. Dapchi a 2018. Ƙanƙara a Disambar 2020, yara maza sama da 300. Jangebe a Fabrairun 2021, daga baya aka sako 279. Islamiyyar Tegina, ƙananan yara sama da ɗari, kusan wata uku a daji, kuma ba duka suka dawo ba. Kuriga a Maris ɗin 2024. A Maraɗi kuma, a Nuwambar 2021, gobara ce ta cinye azuzuwan zana, yara sama da 20 suka rasu, 'yan'uwansu suna ji suna gani. Duk lokacin da aka sako wasu, mukan ga hotonsu da sababbin kaya, a yi jawabi, mu rubuta "Alhamdulillah" mu wuce. To bayan an kashe kyamara fa? Waɗannan yaran suna nan a cikinmu. Wasu sun zama samari, wasu an aurar da su. Banda dubban da ba a sace ba, amma sun ji harbin, sun yi gudun, ba wanda ya rubuta sunansu a ko'ina. Irin ɗalibina.

Abin ba ya zuwa da sallama. Yaro mai ƙoƙari sai ya koma ba ya riƙe karatu, mu ce wasa ya sa a gaba, mu ɗauko bulala. Yarinya ta daina cin abinci, kullum ciwon ciki ko ciwon kai da safen makaranta, mu ce ƙarya take. Wani ya zama mafaɗaci, ya doki ƙannensa ba dalili, mu ce ya lalace. Wata ta riƙa firgita cikin dare tana kiran sunan ƙawarta, mu ce iska ce ta shige ta. A yi addu'a, a yi ruƙiyya, ba na hanawa, ni ma ina yi. Amma idan makonni suka wuce abin bai lafa ba, ko yaro ya fara cewa gara ya mutu, a kai shi ga likita. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Barnawa a Kaduna, akwai a Kware a Sakkwato, akwai a Maiduguri, akwai Dawanau a Kano. Kunyar kar a ce "ɗan wane ya haukace" ba za ta tsaya mana ba ranar da za a tambaye mu kiwon da aka ba mu.

Wani laifin kuma kishiyar wannan ne. Baƙo ya zo, sai a kira yaro, "Zo ka ba Kawu labarin yadda aka yi." Ya faɗa sau goma, sau ashirin, ana salati ana tafa hannu, shi kuma kowane faɗi komawa dajin yake yi. Ga masu kunna bidiyon 'yan bindiga a waya, da ƙara, yara na zaune a tabarma ɗaya. Haba jama'a! In yaro ya so magana, ka ajiye wayar ka saurara, ko da sau ɗari ya maimaita. In bai so ba, ka ƙyale shi, ka dai zauna kusa.

'Yan matan kuwa, Allah Ya yafe mana. Yarinya ta kuɓuta daga hannun azzalumai ta faɗo bakin mutanen unguwa. Ana nuna ta da baki a gidan biki, ana raɗa "wa ya san abin da aka yi mata". Ke mai raɗar, 'yarki ce za ki so a yi mata haka?

Malamai 'yan'uwana, ku tambayi sabon ɗalibi daga ina ya zo kafin ku ɗaga masa murya. Ni ban tambaya ba. Idan ya fi son zama kusa da ƙofa, ku bar shi. Ku hana a yi masa dariya, don dariyar sa'o'insa ta fi bulala ciwo. Iyaye, ku raka su makaranta ko da na mako guda ne, ku faɗa musu wa zai zo ɗaukarsu da ƙarfe nawa, kuma ku cika. Kar ku ce masa babu abin da zai ƙara faruwa, ya san ba a hannunku yake ba. Ku ce, "Ina nan tare da kai."

Don Allah ku daina ce wa yaro rago. Don Allah.

Bayan magariba zan je gidansu. Kakarsa ta ce wataƙila ba zai fito ba. Zan zauna a zaure in jira. Ban ma san ta inda zan fara ba, ban taɓa ba ɗan shekara goma haƙuri ba. Ku sa ni a addu'a, ku sa shi, ku sa abokin nasa da har yau ba a ji ɗuriyarsa ba.